Rediyon 'Yan Sha'awa: Yadda Ake Gano Matsalar Na'ura Da Eriya Kafin A Kai Wa Mai Gyara

Matasa da yawa yanzu suna sayen ƙaramin rediyon oba-oba irin Baofeng UV-5R, ko kuma 'yar na'urar RTL-SDR da ake jonawa da wayar Android, saboda sun gani a YouTube ana jin muryoyi daga nesa da su. Bayan kwana biyu sai ƙorafi ya fara: na'urar ta kunna amma shiru, ko ana jin wasu amma su ba sa ji, ko kuma ƙara kawai take yi kamar ana suya. Mafi yawan lokaci na'urar lafiyarta ƙalau. Matsalar tana wajen batir, ko saiti, ko kebul, ko eriya. Wanda bai san haka ba yana iya ci gaba da danna maɓallin magana har ya ƙona tiransistar da ke fitar da ƙarfi, daga nan kuma gyaran kan kusa kai kuɗin sabuwa.

Wannan darasi ya jero matakan bincike ɗaya bayan ɗaya, daga mai sauƙi zuwa mai wahala, sannan ya kawo ƙa'idojin magana a iska.

Mene ne rediyon 'yan sha'awa?

Wani ɓangare ne na zangon rediyo da Hukumar Sadarwa ta Duniya, wato ITU, ta ware wa mutanen da ke son koyon fasahar rediyo da gwaje-gwaje ba don kasuwanci ba. Ƙungiyarsu ta duniya, IARU, an kafa ta a birnin Paris a 1925, shi ya sa ake bikin ranarsu duk 18 ga Afrilu. Kowane mai lasisi yana da lambar kira tasa, kuma farkon lambar shi ke nuna ƙasa: 5N Najeriya, 5U Nijar, 9G Ghana, TJ Kamaru, TT Chadi, ST Sudan.

Afirka tana cikin Yanki na 1 na ITU tare da Turai da Gabas ta Tsakiya. A wannan yanki, zangunan da sabon shiga zai fi cin karo da su su ne:

- Zangon mita 2: daga 144 zuwa 146 MHz
- Zangon santimita 70: daga 430 zuwa 440 MHz
- Zangon mita 20: daga 14.000 zuwa 14.350 MHz
- Zangon mita 40: daga 7.000 zuwa 7.200 MHz

Wannan na da muhimmanci, domin bidiyoyin Amurka suna ambaton 146 zuwa 148 MHz, kuma wannan ɓangaren ba na 'yan sha'awa ba ne a Yanki na 1.

Abin lura tun farko: watsa murya yana bukatar lasisi daga hukumar gwamnati mai kula da zangon sadarwa. UV-5R tana iya watsawa tun daga 136 har 174 MHz, kuma a cikin wannan faɗin akwai layukan da aka ware wa wasu ayyuka, misali 156.800 MHz da jiragen ruwa ke neman agaji a kai. Shiga irin wannan layi laifi ne. Ga kuma halin tsaro da ake ciki, inda oba-oba a hannun wanda ba shi da takarda kan jawo tambayoyi a shingen bincike. Wanda bai samu lasisi ba tukuna ya tsaya a kan sauraro, kuma akwai abin koyo mai yawa a nan.

Mataki na 1: Wuta

Batir mai rauni yana yaudara. Lokacin sauraro rediyo ba ya cin wuta sosai, sai fuskarsa ta nuna komai daidai. Da an danna maɓallin magana sai cin wutar ya ninka sau da yawa, ƙarfin batir ya faɗi, na'urar ta mutu ta sake kunnawa ko murya ta fita a shaƙe.

Batirin UV-5R na bolt 7.4 ne. Manyan rediyoyin tebur kuwa an ƙera su ne don bolt 13.8, kuma mai wat 100 yana jan amp 20 ko fiye lokacin watsawa. Don haka a riƙa auna wutar da multimita a bayan rediyon, a daidai lokacin da aka danna maɓallin magana. Idan ta sauka ƙasa da kimanin bolt 11.7, to ɗaya cikin uku ne: batir ya gaji, wayar wutar ta yi siriri ko ta yi tsawo, ko gidan fis ya yi tsatsa. A taɓa wayar bayan an yi magana; idan ta yi ɗumi, ita ce ke shanye wutar, sai a canza ta da mai kauri.

A kula da ja da baƙi. Juya su sau ɗaya ya isa ya kashe rediyo, shi ya sa ake sa fis kusa da kan batir.

Mataki na 2: Saiti

Kafin a zargi eriya, a duba waɗannan:

1. SQL. Shi ne ke rufe sifika idan babu sigina mai ƙarfi. A UV-5R shi ne abu na farko a jerin saiti. Idan yana kan 7 ko 9, sigina mai rauni ba zai wuce ba. A mayar da shi 0, dole a ji ƙarar "shhh". Idan an ji, sifika da ɓangaren karɓa suna aiki, sai a bar shi a kan 1 ko 2.
2. Sautin CTCSS. Wani siririn sauti ne, misali 88.5 Hz, da ake haɗawa da murya kamar makulli. Idan aka saka shi a ɓangaren karɓa, rediyo zai yi gum ga duk wanda ba ya aiko da irin sautin, ko da fitilar karɓa tana kamawa. Fitila na haske amma babu murya, kusan kullum wannan ne dalili.
3. Tazarar rifita. Rifita na'ura ce da ake ɗorawa a wuri mai tsayi, tana karɓa a firikwensi ɗaya tana maimaitawa a wani. A zangon mita 2 na Yanki na 1, ana watsawa ne 600 kHz ƙasa da inda ake sauraro. Wanda ke jin rifita amma ba ta amsa masa, ya duba tazarar da kuma sautin da take bukata.
4. Nau'in sigina. A gajeren zango al'ada ita ce LSB ƙasa da 10 MHz, USB sama da haka. Idan aka zaɓi akasi, murya za ta fito kamar kukan agwagwa.

Shigar da saiti da hannu a ƙananan rediyoyi yana da wahala. Manhajar kwamfuta mai suna CHIRP kyauta ce, kuma tana nuna duk layukan a tebur ɗaya, kuskure ya fito fili. A fara adana kwafin saitin asali kafin a taɓa komai.

Mataki na 3: Kebul da kawunansa

Rediyon 'yan sha'awa yana aiki ne da kebul mai om 50, irin RG-58 ko RG-213. Kebul ɗin dish da ake samu a kowane shago, RG-6, mai om 75 ne. Don sauraro da RTL-SDR yana yi sosai. Don watsawa ma ana iya lallaɓawa, sai dai kawunansa daban ne kuma ba zai dace ɗari bisa ɗari ba.

Kebul yana cinye sigina, kuma cin yana ƙaruwa da tsawo da kuma hawan firikwensi. A 145 MHz, RG-58 mai tsawon mita 15 yana cinye kusan rabin ƙarfin. Ke nan mai wat 5 zai isar da kamar wat biyu da rabi ne kawai zuwa eriya, haka kuma siginar da ke shigowa za ta ragu. A 430 MHz asarar ta fi haka. RG-213 ya fi kauri da tsada, amma asararsa ba ta kai rabin ta RG-58 ba.

Gwajin kebul da multimita:

1. A cire shi daga rediyo da kuma eriya.
2. A auna tsakiyar wannan kai da tsakiyar wancan: dole su haɗu.
3. A auna ragar waje da ragar waje: dole su haɗu.
4. A auna tsakiya da raga: kada su haɗu ko kaɗan. Gashin raga guda ɗaya da ya taɓa tsakiya lokacin liƙa dalma ya isa ya kashe sigina.
5. A riƙa lanƙwasa kebul ɗin kusa da kai ana kallon multimita, domin wani tsinkewar sai an motsa yake bayyana.

Dalilin cire eriya kafin gwaji shi ne wasu eriyoyin, irin J-pole, dama can multimita tana nuna su a haɗe, kuma lafiyarsu ƙalau.

Sai batun kai. UV-5R tana amfani da SMA, kuma allurar tana jikin rediyon ne, saboda haka eriyarta mai rami ake saya. Wasu kamfanonin akasin haka suke yi. Idan aka haɗa mai rami da mai rami, tsakiyar ba za ta taɓa komai ba. Watsawa a haka daidai yake da watsawa babu eriya.

Ruwan damina ma yana shiga ta kan kebul ɗin da ke waje. Idan aka feɗe aka ga ragar ta yi baƙi ko kore, a yanke har inda ta koma kalar jan ƙarfe, a sa sabon kai, a naɗe shi da tef mai hana ruwa.

Mataki na 4: Eriya da SWR

Eriya tana aiki ne idan tsawonta ya dace da firikwensin. Idan bai dace ba, wani ɓangare na ƙarfin da rediyo ya tura yana dawowa ta kebul. Ma'aunin wannan dawowar shi ake kira SWR:

- 1:1, babu abin da ke dawowa
- 1.5:1, kashi 4 cikin 100 ke dawowa
- 2:1, kimanin kashi 11
- 3:1, kashi 25

Duk abin da ke ƙasa da 2:1 ana iya aiki da shi, kuma ba sai an wahalar da kai wajen neman 1:1 ba. Daga 3:1 zuwa sama a dakata a bincika. Manyan rediyoyi suna rage ƙarfinsu da kansu idan SWR ya hau, amma ƙanana masu araha ba su cika samun wannan kariyar ba, zafi kawai suke ɗauka.

Ana auna SWR da mitar SWR da ake sawa tsakanin rediyo da kebul, a fara da ƙaramin ƙarfi. Akwai kuma NanoVNA, 'yar na'ura mai shiga aljihu, wadda ke zana yadda SWR yake a faɗin zango ba tare da an kunna rediyon ba.

Eriyar da ta fi sauƙin haɗawa ita ce daifol: wayar jan ƙarfe guda biyu masu tsawo ɗaya, ɗaya a tsakiyar kebul, ɗaya a raga. Lissafinta: a raba 143 da firikwensi a MHz, amsar ita ce jimillar tsawo a mita.

- 145 MHz: kimanin santimita 98, kowane hannu santimita 49
- 14.2 MHz: kimanin mita 10.07, kowane hannu mita 5.03
- 7.1 MHz: kimanin mita 20.1, kowane hannu mita 10.07

Ana yankewa da ɗan ƙari, domin tsayi daga ƙasa da kwanon rufi da bango duk suna canza sakamakon. Bayan an ɗaga ta sai a nemo inda SWR ya fi sauka. Idan wurin yana ƙasa da firikwensin da ake so, eriyar ta yi tsawo. Idan yana sama, ta yi gajarta. Misali, an yanka mita 10.4 don 14.2 MHz, sai aka ga ta fi kyau a 13.8. A ninka 10.4 da 13.8, a raba da 14.2, za a samu kimanin 10.1. Ke nan a rage santimita 15 a kowane hannu. Ya fi kyau a naɗe bakin wayar a jikinta maimakon a datse, don a iya warwarewa idan an wuce gona da iri.

Abubuwa biyu suna ruɗar sababbi a nan. Na farko, na'urar tuna tana gyara abin da rediyo ke gani ne kawai, eriyar da kebul ɗin suna nan yadda suke. Na biyu, SWR mai kyau ba shaida ba ce ta cewa eriya na aiki. Kebul ɗin da ya sha ruwa yana cinye ƙarfin da ke tafiya da wanda ke dawowa, sai mita ta nuna lamba mai daɗi alhali babu abin da ke fita. Eriyar da SWR ɗinta ya gyaru da kansa bayan damina abar zargi ce.

Tsayi ya fi wat

A zangon mita 2 da santimita 70 sigina kusan a miƙe take tafiya kamar haske. Ana ƙiyasta nisan da eriya ke hangowa a kilomita ta hanyar ninka 4.1 da tushen murabba'in tsayinta a mita. Rediyo a hannun mutum, tsayin mita 1.5, yana hango kamar kilomita 5 a fili. A kan sanda mai mita 9, kilomita 12. A mita 16, kilomita 16 da ɗoriya. Ana haɗa na ɓangarorin biyu ne a samu jimilla. Gine-gine da duwatsu suna ragewa, shi ya sa alkawarin nisan da ake rubutawa a jikin kwali ba ya cika a cikin gari.

Haka kuma a FM eriya a tsaye ake riƙe ta. Idan ɗaya ya tsayar da tasa ɗayan ya kwantar, sigina tana raguwa sosai ko da suna kusa.

Gajeren zango shi kuma yana dogara ne da wani sashe na sararin sama da ke mayar da sigina ƙasa. Mita 20 ya fi buɗewa da rana zuwa yamma, mita 40 kuma yana kai nesa da dare. Yanayin yana canzawa da zagayen rana na kimanin shekara 11, wanda na yanzu ya fara a Disamba 2019. Shiru a zango ɗaya da wani lokaci ba ya nufin rediyo ya lalace. Hanyar tabbatarwa da waya: a buɗe WebSDR na Jami'ar Twente da ke Holan a burauza, ko wani makamancinsa mafi kusa, a ga ko ana hira a zangon.

Mataki na 5: Ƙara

A gidajen da ake amfani da inbata da sola da janareta, ƙara ita ce babbar matsala. Inbata, na'urar cajin sola, ƙwan fitilar LED mai araha da cajar waya ta jabu duk suna fitar da hayaniyar rediyo.

Gano mai laifi ba wuya. A mayar da rediyo kan batir, a kashe wutar gidan gaba ɗaya har da inbata. Idan ƙarar ta ɗauke, daga cikin gida take, sai a riƙa kunna kaya ɗaya bayan ɗaya har ta dawo. Idan ba ta ɗauke ba, a cire eriya: ƙarar da ta tafi da cire eriya daga waje take shigowa, ko maƙwabta ko layin wuta. Magani shi ne canza cajar ko ƙwan, nisanta eriya daga inbata, da maƙala zoben ferait a wayoyin, irin ƙullin nan da ake gani a jikin wayar cajar laftof.

Wani lokaci kuma sigina ce ta yi yawa. UV-5R da RTL-SDR ba su da matata mai ƙarfi, don haka idan aka haɗa su da babbar eriya kusa da gidan rediyon FM sai su kurmance, ko a riƙa jin tashar a inda ba wurinta ba. A RTL-SDR rage ƙarfin karɓa a cikin manhaja yakan warware wannan.

Tsaro

Kada a kafa sandar eriya inda za ta iya faɗawa kan wayar wuta. Da hadari ya haɗo, a cire kebul daga rediyo a ajiye kansa nesa da mutane, kuma a yi haka kafin a fara tsawa. Da hunturu busasshiyar iska mai ƙura tana tara caji a doguwar waya har ta ba da tartsatsi, don haka a taɓa kan kebul da ƙarfen da ke binne a ƙasa kafin a jona. Kada kowa ya taɓa eriya ana watsawa, tana ƙona fata.

Ladabin magana a iska

Mai lasisi yana fara sauraro ne, sannan ya tambaya ko akwai mai amfani da layin. Kiran kowa da kowa shi ne CQ, sai ya faɗi lambar kiransa da haruffan da duniya ta amince da su, Alfa, Bravo, Charlie har zuwa Zulu, don kada B da D su rikice. A mita 2 ana kira a 145.500 MHz, idan an samu amsa sai a koma wani layin a bar wa wasu.

Rahoton sigina lamba biyu ne: ta farko daga 1 zuwa 5 tana nuna yadda ake fahimtar magana, ta biyu daga 1 zuwa 9 tana nuna ƙarfi. 59 shi ne mafi kyau, amma rahoton gaskiya ya fi amfani ga wanda ke gwada sabuwar eriya. QTH na nufin wurin da mutum yake, QRZ na nufin wa ke kira, 73 kuma gaisuwar sallama ce. Ba a talla, ba a sa kiɗa, ba a ɓoye magana da lambobin sirri. A danna maɓalli a jira daƙiƙa ɗaya kafin a fara magana, in ba haka ba kalmar farko za ta yanke.

Masu son haɗa rediyo da kwamfuta za su ci karo da FT8, tsarin da Joe Taylor, wanda ya ci kyautar Nobel a 1993, ya fitar tare da Steve Franke a 2017. Yana aika gajeren saƙo duk daƙiƙa 15, kuma a mita 20 ana samunsa a 14.074 MHz. Idan ana ganin sigina a allo amma ba a fassara komai, a fara duba agogon na'urar, domin kuskuren daƙiƙa biyu ya isa ya hana shi aiki.

Gwajin da mai waya zai iya yi

Ana bukatar RTL-SDR, kebul ɗin OTG, manhaja irin SDR Touch tare da direbanta, da daifol mai hannu biyu na santimita 49. A fara da tashar FM ta gari. Idan ta fito, wayar da na'urar suna aiki. Idan wayar ba ta ga na'urar ba, a duba ko OTG a kunne yake a saiti, domin wasu wayoyin suna kashe shi da kansu bayan 'yan mintuna.

Daga nan sai a gwada Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, wadda ke shawagi kimanin kilomita 400 sama tana zagaya duniya cikin kusan minti 90. Tana watsawa a 145.800 MHz lokacin da 'yan sama jannati ke hira da ɗalibai, wani lokaci kuma tana aiko da hotuna ta tsarin SSTV, waɗanda manhajar Robot36 ke mayarwa hoto daga sautin kawai. Kowace wucewa ba ta fi kamar minti 10 ba, kuma ba kullum ake watsawa ba, don haka a duba jadawalin shirin ARISS da manhajar bin tauraron ɗan'adam, a fita fili inda gini bai tare sama ba.

A duk wannan bincike, a riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda, a rubuta abin da aka canza da sakamakonsa a littafi ko a waya. Wanda ya canza kebul da eriya da saiti a tare, ko matsalar ta tafi ba zai san wanne ne ya jawo ta ba, kuma ranar da ta dawo sai ya sake farawa daga batir.